Nutso a ruwan sanyi: daren da Baba ya ƙi shiga

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ta hana su sauraro. Yadda aka faɗa haka muka rubuto, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba.

Daga birnin Katsina nake magana kamar kullum. In kun ji muryata ta ɗan dusashe ku yi mani uzuri, hazo ne. Kwana uku kenan rana ba ta nuna fuska sosai sai wajen ƙarfe goma, da asuba kuwa waya na nuna digiri 12 ko 13. Masu shayi kakarsu ta yanke saƙa. Batun wanka kuwa kowa ya san yadda ya yi da shi, ba zan tona asirin kowa ba.

Shirin yau wata ƙanwarmu ce ta jawo shi, mai sauraronmu daga Sabuwar Unguwa. Ta turo mani bidiyo ta WhatsApp. Wasu Turawa ne su biyu a bakin teku a Sukotilan, can arewacin Birtaniya, a tsakiyar lokacin sanyinsu. Sun fito da kayan nutso daga bayan mota, sun daɗe suna ɗaurawa, suka gangara kan duwatsu har bakin ruwa. Iska na kaɗawa, igiyar ruwa na dukan dutse tana fallatsi. Suka tsaya suna kallo, suna kallo. Can sai ɗaya ya ɗaga wa ɗan'uwansa babban yatsa, suka juyo suka hau tudu, suka tuɓe kayan, suka zuba shayi daga fulas. Bidiyo ya ƙare. Sai ta rubuto mani: “Yaya, wannan ba tsoro ba ne? Sun sha tafiya, sun sha ɗaure-ɗaure, ko ƙafa ba su jiƙa ba.”

Da farko dariya na yi. Daga baya dariyar ta ɗauke, don na tuna akwai daren da ni da bakina na kira wani dattijo matsoraci a bakin ruwa, nan bayan garinmu, a irin wannan watan. Zan zo kan labarin. Amma bari mu fara da abin da Turawan nan suke kallo, don wanda bai san aikin ba zai ɗauka tsayuwa kawai suka yi.

Irin wannan nutson shi ake kira sukuba, wato ka goya tukunyar iska a bayanka ka shiga ƙarƙashin ruwa kana numfashi. Wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, su suka haɗa na'urar shaƙar da ta buɗe wannan hanya a 1943. Abin da ke cikin tukunyar ba oksijin ɗin asibiti ba ne kamar yadda mutane ke zato. Iska ce irin wadda ni da kai muke shaƙa, inji ne ya danna ta. Tukunya mai cin lita 12, in aka matse iska a cikinta ninki 200, ta ɗauki lita 2,400 kenan. Kamar da yawa ko? To ga inda gizo ke saƙar. Duk mita 10 da ka yi ƙasa, nauyin ruwan da ke kanka yana ƙara matsi daidai da na iskar da muke zaune a cikinta a doron ƙasa. Saboda haka a mita 10 ninki biyu kake zuƙa a kowane numfashi, a mita 30 ninki huɗu. Wanda sanyi ya kama ko tsoro ya shige shi kuwa numfashinsa sauri yake yi, tukunyar sai ta ƙare tun kafin lokacinta.

Sannan ba a fitowa da gudu. Kun san kwalbar lemo in aka girgiza ta aka ɓalle murfi lokaci guda? Haka iskar naitirojin da ta narke a jinin mai nutso take yi in ya taso da sauri, ta zama kumfa a jijiya da gaɓoɓi, tana iya shanye mutum, tana iya kashewa. Shi ya sa ake koya masu kada su wuce mita 9 zuwa 10 a minti guda wajen tasowa, kuma su dakata minti 3 a mita 5 kafin su fito. Ba a kuma riƙe numfashi ana tasowa, don iskar da ke cikin huhu kumbura take, tana iya yaga shi. Ka ga kenan mai nutso ba shi da damar cewa “na gaji” ya fito nan take. Fitarsa ma aiki ce mai zaman kanta.

Yanzu ƙara wannan a kai: mutanen bidiyon nan ba daga jirgi za su faɗa ba, daga gaɓa za su shiga da ƙafa. Wanda ya zo a jirgi, mai jirgi na jiransa, akwai tsani, akwai mai miƙo hannu. Wanda ya shiga daga gaɓa, ta inda ya shiga ta nan zai fito, kan duwatsu masu gansakuka da santsi, da kaya a jiki da kan kai kilo 30 zuwa 40 a ruwan sanyi. Buhun siminti kilo 50 ne, sai ka kwatanta. Abin da suka tsaya kallo shi ne igiyar ruwa, don rukuni-rukuni take zuwa, ƙanana a jere sannan manya. Suna duba ta ina iska ke bugowa, suna lissafin cikar teku da janyewarsa, don wurin da ka taka lafiya yanzu, bayan minti 40 yana iya zama inda ruwa zai ɗaga ka ya maka da dutse. Tambayar da suke yi wa kansu ita ce: in na gaji, yatsuna sun ƙage, zan iya fitowa ta nan?

Kuma a tsakaninsu akwai ƙa'ida sananniya: kowane ɗaya na da ikon soke nutson a kowane lokaci, bisa kowane dalili, ba a tuhumarsa. Babban yatsan da ƙanwarmu ta gani ba irin na Facebook ba ne. A yaren masu nutso ma'anarsa “mu tashi, an gama”. In za su ce lafiya lau, da'ira suke yi da babban yatsa da manuniya.

To sanyin fa? Tekun da ke kewaye da Birtaniya yakan sauko digiri 6 zuwa 8 a Fabrairu da Maris. A Aisilan akwai wani tsagi tsakanin duwatsu da ake kira Silfra, ruwansa digiri 2 zuwa 4 ne duk shekara, kuma mutane na biyan kuɗi su shiga saboda garai-garai yake, ana hango abu daga mita 100. A irin wannan ruwan rigar roba mai barin ruwa ya shiga ba ta wadatarwa, sai wadda ke toshe wuya da wuyan hannu, mutum ya sa kayan ɗumi a ciki ya zauna a bushe. Ita kanta na'urar shaƙar tana da nata ciwon. Matan da ke girki da gas sun san yadda tukunya ke yin sanyi har ta yi raɓa in an daɗe ana aiki da ita. Haka iska take sanyaya ƙarfe in tana fita daga matsi. A ruwa mai tsananin sanyi ƙanƙara na iya kama cikin na'urar, ta ƙi rufuwa, iskar ta yi ta bulbulowa har tukunya ta ƙare cikin 'yan mintoci. Shi ya sa da yawansu na'ura biyu suke ɗauka, kowace da kanta.

Me ke kai su? Wasu tsofaffin jiragen yaƙi suke zuwa gani, irin na Jamus da aka nutsar a Scapa Flow ranar 21 ga Yuni 1919. Wasu kuma don in iska ta kwanta, ruwan lokacin sanyi ya fi na bazara haske. Sha'awa ce, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abin da ya fi damuna mu gane shi ne abin da ruwan sanyi ke yi wa jiki, don wannan bai san Bature ko Bahaushe ba. Ruwa na zuƙe zafin jiki ninki 25 fiye da iska. Jikinka digiri 37 ne. Ruwan da ake gasar ninƙaya ta duniya a cikinsa ma digiri 25 zuwa 28 ake ajiye shi. Da zarar ka faɗa ruwa mai sanyi ba shiri, abu na farko shi ne wata zuƙa da jiki ke yi da kansa, irin wadda kake yi in aka watsa maka ruwan randa da asuba. In kanka na cikin ruwa a wannan lokacin, ruwa ka zuƙa. Daga nan numfashi ya rikice, zuciya ta hau bugu. Wannan kan ɗauki kamar minti guda. Mataki na biyu, jiki ya janye jini daga hannu da ƙafa don ya tsare zuciya da ƙwaƙwalwa, sai yatsu su daina riƙo, damtse ya mutu. Gwanin iyo sai ka ga ya kasa iyo. Wani farfesa a Kanada, Gordon Giesbrecht, ya taƙaita shi da 1-10-1 ga wanda ya faɗa ruwan ƙanƙara: minti 1 ka saita numfashinka, minti 10 kana da sauran amfanin hannu da ƙafa, awa 1 kafin sanyi ya gusar da hankalinka. Yawancin mutane a matakai biyun farko ruwa ke cin su.

Na san wani zai ce, to mu nan ina ruwanmu, ai ruwanmu bai kai can ba. Gaskiya ne bai kai ba. Amma ku tuna da Harrison Okene, mai dafa abinci ɗan Warri. Ranar 26 ga Mayu 2013, jirgin da yake aiki a ciki, Jascon-4, ya kife a tekun da ke gaban Escravos, ya kwanta a zurfin mita 30. Su 12 ne a ciki, shi kaɗai ya tsira. Ya yi kusan awa 60 a wani lungu da iska ta maƙale, cikin duhu, daga shi sai gajeren wando. Wannan fa tekunmu ne na ƙasar zafi, ba Turai ba, amma sai da ya tara katifu da katako ya hau don ya raba jikinsa da ruwa, saboda sanyi na neman gamawa da shi. Masu nutso 'yan Afirka ta Kudu da aka turo ɗauko gawarwaki suka ji hannu ya kama ɗayansu. Kuma ba su fito da shi kai tsaye ba, sai da ya ƙara kwanaki a ɗakin matsi saboda maganar kwalbar lemon nan. Daga baya ma shi da kansa ya koyi aikin nutso ya samu shaida a 2015. Allah mai iko.

Mu kuma nan jihar Katsina ba teku, amma ruwa muna da shi. Ga dam ɗin Ajiwa a Batagarawa da birnin nan ke sha daga gare shi, ga Zobe a Dutsin-Ma da aka gama a 1983, ga Jibiya, ga Sabke ta wajen Daura, ga Mairuwa ta wajen Funtuwa. Ga kuma kududdufai da ramukan da aka haƙa aka bari. A hunturu, iskar nan da ke fasa mana leɓe ita ce ke kaɗa ruwan dam ta tayar da igiya, ta sanyaya shi dare da rana, hazo kuma ya rufe gaɓa har mai kwalekwale ya rasa ina ya dosa. Ranar 30 ga Nuwamba 2021, a farkon hunturu, jirgin da ya taso daga Badau zai je Bagwai a jihar Kano ya kife a dam ɗin Watari. Aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya da za su wajen Maulidi. Allah Ya jiƙan su. Su wa ake fara kira a irin wannan rana? Masunta da masu nutso na ƙauye. Ba tukunya, ba rigar roba, ba fitilar ruwa. Numfashi guda da gajeren wando.

Yauwa, ga labarin da na yi maku alkawari.

Ina aji biyar a sakandare, cikin Disamba. Yaron maƙwabtanmu, bai wuce shekara 12 ba, ya bi abokai zuwa wani rami a bayan gari, inda masu aikin hanya suka kwashi jar ƙasa suka tafi, ruwan damina ya cika shi. Ƙafarsa ta zame ya faɗa, bayan la'asar. Yaran suka tsorata suka watse, ba wanda ya faɗa a gida sai bayan magariba. Unguwa ta ɗauka. Aka tura mai babur ya ɗauko wani dattijo masunci da ke su a Ajiwa, kowa Baba yake ce mashi. Bai iso ba sai bayan isha.

Iska na busawa, mutane cike da bakin ramin da tociloli, uwar yaron an riƙe ta can gefe. Baba ya sauka, bai ce wa kowa komai ba. Ya tambayi ƙarfe nawa yaron ya faɗa, aka faɗa mashi. Ya tsuguna ya sa hannu a ruwa har gwiwar hannu. Ya ɗaure dutse da igiya ya jefa nan, ya jefa can. Ya zagaye ramin yana haska bangonsa, wanda yake a miƙe kamar katanga, ga santsi. Sannan ya je wurin uban yaron ya rage murya ya ce: “Alhaji, ka yi haƙuri. Awa huɗu ke nan. Da rai nake nema da tuni ina ciki. Yaron nan ya riga mu gidan gaskiya, kuma zai jira safiya. Ban shiga ruwan ga cikin daren ga.”

Wallahi wurin ya kaure. Wannan ya ce kuɗi yake so a ƙara mashi, wancan ya ce tsufa ne. Mu kuma mun taso da cewa ba a barin mamaci ya kwana in da hali, ga uwa tana kuka, wa zai iya kallonta ya ce mu tafi gida? Ni da ko iyo ban iya ba na buɗe baki na ce: “Tsoho, in tsoro kake ji ka faɗa mana.” Ya dube ni, ya kau da kai. Har yau ina jin nauyin wannan maganar.

Ana cikin haka wani abokin yayana, ɗan ƙwallo, ƙaƙƙarfa, wanda ya iya ruwa ƙwarai, ya cire riga ya faɗa. Aka hau kabbara. Ya nutsa ya taso, ya sake nutsawa ya taso, ba komai. A na uku da ya taso sai muka ga ya doshi bango yana son kamawa, hannun na zamewa. Yana buɗe baki magana ba ta fita. Duka-duka bai yi minti 15 a ciki ba. Ashe duk surutun da muke yi, Baba na tsugune yana ɗaure gorarsa ta su da igiya. Ya wurga mashi, ya daka tsawa: “Rungume ta da ƙirji, kar ka kama da yatsa!” Mutum shida suka ja. Da aka fito da shi jikinsa na karkarwa kamar mazari, wasu suka ce a kai shi jikin wuta, wasu suka fara murza mashi ƙafafu. Baba ya hana. Ya sa aka cire jiƙaƙƙen wandon, aka kwantar da shi, aka lulluɓe shi da manyan riguna har kai, sannan aka ɗauke shi a kwance zuwa asibiti.

Da safe Baba ya dawo da ɗansa. Ya sa aka hura wutar kara a gefe. Ya zauna ya jira rana ta ɗaga, iska ta lafa. Wajen ƙarfe goma ya ɗaura igiya a ƙugu, ɗansa ya riƙe ɗaya bakin, ya shiga a hankali, ya jiƙa fuska da ƙirji kafin ya nutsa. Duk nutso guda sai ya fito ya ji ɗumi. A na uku ya samo yaron, ƙarƙashin wani loko da ruwa ya ci a jikin bangon, ko taku biyar babu daga inda ya zame. Kafin azahar an yi jana'iza. Kuɗin man babur kawai Baba ya karɓa.

Bayan shekaru, da na fara wannan shirin, na neme shi na je na ba shi haƙuri. Ya ma manta da ni. Ya ce: “Ɗana, ai kullum sai an faɗa mani haka. Wanda ke tudu shi ya fi kowa iya ruwa.” Na tambaye shi batun 'yan ruwa da ake cewa suna jan mutane. Ya ce shi ba ya jayayya da abin da Allah Ya halitta, amma abin da hannunsa ya taɓa a ƙasa shi ne laka mai riƙe ƙafa, da tsohuwar koma, da ƙugiyoyin mamari da wani ya bari, da kututturan itatuwan da dam ya cinye, da sanyin da ke ƙasa wanda ya fi na sama. Ya ce da rana ma a ruwanmu ba ka ganin tafin hannunka, da lalube ake aiki, balle da dare. Ya kuma ce abin da ya fi ba shi tsoro shi ne yaran da ke gasar daɗewa a ƙasa, su yi ta jan numfashi da sauri-sauri kafin su nutsa. Likitoci sun tabbatar da wannan: yin haka na kashe ƙararrawar da ke gaya wa jiki ya fito ya shaƙa, sai mutum ya suma a ƙasa shiru, ba ko motsi.

Na nuna mashi hotunan wasu mata a tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu, ana ce masu haenyeo. Ba tukunya suke nutso, har zurfin mita 10, suna ɗebo abincin teku, cikinsu har da masu shekara 80. Kafin rigar roba ta iso masu a shekarun 1970, da rigar auduga suke shiga ko a lokacin sanyi. A bakin teku suna da wani zagayen duwatsu da suke hura wuta a ciki, su fito su ji ɗumi su koma. Baba ya yi dariya ya ce ashe wutar karansa ba ƙauyanci ba ce. Abin sha'awa, a zama ɗaya a Adis Ababa a 2016 hukumar UNESCO ta sa al'adar matan nan da bikin kamun kifi na Argungu cikin kayan gadon duniya. Can Argungu ma, da dubban masunta da gorunansu da homa, ba mai taka kogin Matan Fada sai an ba da izini, kuma Sarkin Ruwa na da ta cewa.

Ra'ayina, kuma ra'ayina ne: ya kamata a ce duk dam babba na da masu nutson da aka horar, aka ba kaya, ake biyansu, kuma cikin irin su Baba da 'ya'yansu za a ɗauka, don su suka san ruwan. Amma kar wani ya ji shirin nan ya je intanet ya yi odar tukunya. Tukunya a bayan wanda bai koya ba ta fi rashinta haɗari, don mai numfashi guda huhunsa ba ya yagewa wajen tasowa, mai tukunya kuwa a ruwan da bai kai tsayin ɗaki ba ma hakan na iya samunsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a 2021 kaɗai, kuma yara da matasa ne suka fi yawa. Saboda haka ga abin da nake so ya zauna maku, ko da kun manta sauran. In kai ne ka faɗa, kar ka fara kokawa da ruwa. Juya ka kwanta rigingine, buɗe hannu da ƙafa, bari numfashinka ya dawo, sannan ka nemi mafita ko ka yi ihu. In wani ne ya faɗa, yi kururuwa a zo, ka miƙa mashi doguwar sanda kana kwance a ƙasa don kar ya jawo ka, ko ka wurga mashi jarka fanko mai murfi, ko gora, ko igiya. Jarkar lita 20 ɗin nan ta 'yan ga-ruwa tana riƙe babban mutum a sama. Yara kuma a gaya masu tun yanzu: in abokinku ya faɗa, ku ruga ku faɗa wa babba na farko da kuka gani, ba wanda zai dake ku. Yaron unguwarmu, mintocin da aka yi asara tsakanin la'asar da magariba su ne komai. Baba da kansa ya ce da a lokacin aka kira shi, ko ƙanƙara ce zai shiga.

In an fito da mutum ba ya numfashi, a bar maganar danna ciki ko ɗaga shi ƙafa sama wai ruwa ya fita, ɓata lokaci ne kuma amai na iya komawa huhu. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura mashi iska baki da baki sau 5, sannan danna tsakiyar ƙirji sau 30, hurawa sau 2, a yi ta yi har taimako ya zo. In yana numfashi, a juya shi gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi. Ba murza hannu da ƙafa, ba kai shi dab da wuta. In hankalinsa ya dawo sosai yana iya haɗiya, a ba shi shayi mai ɗumi da sukari. Kuma ko ya ce ya warke a kai shi asibiti, don ruwan da ya shiga huhu kan tayar da matsala bayan awoyi.

Ƙanwata ta Sabuwar Unguwa, kin ji abin da Turawanki suka tsaya kallo. Abokin yayan nawa yana nan da ransa, yana da 'ya'ya huɗu, yana sayar da kayan gini. Na gaya mashi zan ba da labarin nan, ya ce in bayar amma kar in kama suna, kuma in faɗa maku har yau in hunturu ya shigo ko alwala da ruwan ɗumi yake yi. Baba kuma ƙarfi ya ja baya, ɗansa ne ke shiga yanzu, shi yake riƙe igiyar.

Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.